Gajiya Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

A ma'aikatun Bompai, lebura yakan tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, ya koma aiki, amma kafin hantsi ya gaji liƙis. Sai mu ce lalaci ne, har a sallame shi. Likitoci sun ce ba lalaci ba ne. Ciwon ƙwaƙwalwa ya taɓa. Wajen rabin waɗanda ya kama suna fama da wannan gajiya, barci kuwa ba ya korar ta.

In mun kai shi asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, likita zai duba ƙarancin jini, da barcinsa, da damuwa, da magungunan da yake sha. Masu gashi su koya masa motsa jiki kaɗan-kaɗan. Akan ce ya raba aikinsa kashi-kashi, ya huta tun ƙarfi bai ƙare ba.