Kujera Ɗaya ko Biyu: Matsalar Fasinja Mai Ƙiba a Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama, ko da sau ɗaya ne zuwa aikin Hajji, ya san irin tsananin da ake yi wajen awon kaya. Jaka takan hau sikeli, in ta zarce ƙa'ida da kilo biyu ko uku, sai mai ita ya biya ko ya rage. Amma shi mai jakar ba a aza shi bisa sikeli. Mutum mai kilo 55 da mai kilo 140 kuɗi ɗaya suke biya, kuma kujera iri ɗaya ake ba su. Daga nan ne wata gardama ta taso wadda ta daɗe tana tsakanin kamfanonin jiragen sama da fasinjoji da kotuna, musamman a Amurka da Kanada: shin wanda jikinsa ya fi ƙarfin kujera ɗaya ya kamata ya sayi ta biyu? Kafin a yanke hukunci, ya kyautu a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, watau nauyin mutum da kuma faɗinsa, domin kowanne da irin nasa lissafin.

Lissafin nauyi

Jirgi ba ya tashi sai an san nauyinsa gaba ɗaya, kuma an san inda nauyin ya taru. Da wannan ne matuƙi yake ƙayyade yawan man da zai ɗauka da gudun da zai kai kafin ya ɗaga daga ƙasa. Tun da ba a auna fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, hukumomi sun tsayar da matsakaicin nauyi da ake ɗora wa kowa. A ƙasashen Tarayyar Turai, a manyan jirage, ana lissafa namiji a kan kilo 88, mace kilo 70, yaro kilo 35, ko kuma a haɗa manya duka a kan kilo 84, har da jakar hannu. Dabarar tana aiki ne saboda yawa: a cikin mutum ɗari da hamsin, siraran sukan cike giɓin masu jiki, sai jimillar ta faɗo kusa da ƙiyasi. Lokaci lokaci akan sabunta alƙaluman. Shi ya sa kamfanin Air New Zealand ya auna fasinjoji kimanin 10,000 a Okland a shekarar 2023, kamfanin Finnair kuma ya yi irin haka a Helsinki a 2024. Dukansu don ganin dama ne, ba a haɗa awon da sunan kowa ba, kuma ba a ƙara wa kowa kuɗi ba.

A ƙaramin jirgi kuwa dabarar tana iya cin amana. Ranar 8 ga Janairu, 2003, wani jirgi ƙirar Beechcraft 1900D mai ɗaukar fasinja 19 ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga birnin Shalot na Amurka, mutum 21 da ke ciki duka suka rasu. Masu bincike sun gano abu biyu da suka haɗu. Na farko, an yi kuskure wajen gyaran igiyoyin da ke sarrafa wutsiyar jirgin. Na biyu, a takarda nauyin jirgin daidai yake, amma a zahiri ya zarce iyaka da fiye da kilo 250, kuma nauyin ya rinjaya baya. Hancin jirgin ya ɗaga sama, matuƙiyar ta rasa yadda za ta danne shi. A lokacin hukumar jiragen sama ta Amurka tana lissafa baligi a kan kimanin kilo 82 da bazara, lissafin da jikin mutanen ƙasar ya riga ya wuce. Bayan haɗarin aka ɗaga shi zuwa kimanin kilo 86.

To, amma nawa ne nauyin mutum ɗaya yake jawo wa kamfani? Jirgin Boeing 737-800 yana iya tashi da nauyin da ya kai tan 79, kuma yana ɗaukar mutum har 189. In aka lissafa kowa a kan kilo 84, fasinjojin duka ba su wuce tan 16 ba, watau kashi ɗaya cikin biyar. Sauran duk nauyin jirgin ne da mai da kaya. Mutumin da ya ɗara matsakaici da kilo 40 ya ƙara wa jirgin kimanin kashi ɗaya cikin dubu biyu ke nan. Ma'aikatan jirage suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin nauyi yakan ci man da ya kai kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari na nauyin a kowace awa. Bisa wannan, kilo 40 a tafiyar awa biyar zai ƙona man da bai fi kilo takwas ba, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin tikiti. Sai an tara al'umma guda ne abin yake zama babba. Wasu masana na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun lissafa a 2004 cewa ƙarin kilo huɗu da rabi da Amurkawa suka yi a shekarun 1990 ya sa jirage sun ƙona ƙarin galan miliyan 350 na mai a shekarar 2000 kaɗai, kimanin dala miliyan 275.

An taɓa gwada sayar da tikiti da kilo. Kamfanin Samoa Air, a tsibiran tekun Fasifik, ya yi suna a 2013 da auna fasinja da kayansa tare, ya biya gwargwadon abin da sikeli ya nuna. Sai dai jiragensa ƙanana ne masu ɗaukar mutum tara ko ƙasa da haka, inda dole ne a auna kowa ko da ba don kuɗi ba. Kamfanin ya daina aiki bayan 'yan shekaru, kuma babu wani babban kamfani da ya bi sawunsa.

Lissafin faɗi

A nan ne gizo yake saƙa. Abin da kamfani yake sayarwa a haƙiƙa fili ne, kuma filin ba ya miƙewa. Faɗin jikin Boeing 737 an gaje shi ne daga Boeing 707 na shekarun 1950, kujera shida a jere da hanya ɗaya a tsakiya. Kowace kujera tana samun kimanin inci 17, watau santimita 43, tsakanin madogaran hannu biyu. Airbus A320, wanda ya ɗan fi faɗi, yakan ba da kusan inci 18. A manyan jirage ma abin raguwa ya yi: Boeing 777 ya fara aiki a 1995 da kujera tara a jere a ɓangaren masu ƙaramin tikiti, daga baya yawancin kamfanoni suka mayar da su goma, alhali bangon jirgin yana inda yake.

Jikin mutane kuwa bai tsaya ba. A farkon shekarun 1960 matsakaicin nauyin namiji baligi a Amurka kimanin kilo 75 ne, mace kuma kimanin 64. Bayan shekara hamsin da 'yan kai, namiji ya kai kusan 90, mace kusan 77. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma yawan manya masu ita ya fi ninki biyu na 1990. Ke nan kujerar da aka yanka wa jikin mutanen wancan zamani ita ce ake cusa jikokinsu a ciki.

Saboda haka kamfanonin da suke da doka a kan wannan batu ba sa duba sikeli. Abin da suke dubawa shi ne ko madogaran hannu biyu za su sauka har ƙasa mutum yana zaune, da ko ɗamarar kujera za ta ɗauru, ko da da ƙari guda ɗaya, da kuma ko jikinsa yana shiga filin maƙwabcinsa. Wannan gwaji yana da sauƙi, amma ba ya auna kowa daidai. Madogarar hannu tana daidai ƙugu ne da cinya, inda mata suka fi faɗi. Maza kuwa sun fi faɗi a kafaɗa, kuma kafaɗar ƙaƙƙarfan namiji takan wuce inci 17 nesa ba kusa ba. Ɗan dambe mai faɗin ƙirji zai ci jarrabawar madogara, ya kuma matse na kusa da shi har a sauka, ba wanda zai ce ya biya ko sisi. Macen da ba ta kai shi nauyi ba tana iya faɗuwa jarrabawar. Dogon mutum ma gwiwarsa tana dukan bayan kujerar gaba, amma shi ana sayar masa da ƙarin wurin miƙe ƙafa ne in ya ga dama, ba a tilasta masa.

Wanda ya saba da tashar mota zai ce ai maganar ba sabuwa ba ce, domin mai son sakewa a gidan gaba ya daɗe yana biyan kuɗin mutum biyu. Bambancin shi ne a tasha ido yana ganin ido, ana ciniki, kuma wanda bai yarda ba yana iya jiran mota ta gaba. A jirgi an riga an yanki tikiti makonni da suka wuce, hukunci kuma yakan faɗo ne a bakin ƙofa, a gaban jama'a, daga ma'aikacin da ya ƙare wa mutum kallo ya yanke. A watan Fabrairu na 2010 an sauke mai shirya finafinai Kevin Smith daga wani jirgin kamfanin Southwest a Kalifoniya bayan ya riga ya zauna, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har kamfanin ya ba shi haƙuri. Shi kuma maƙwabcin da aka ci masa sulusin kujera yana da tasa hujjar mai ƙarfi: ya biya kuɗin inci 17 cur, bai samu ba.

Akwai kuma batun tsira. Ƙa'ida ce kafin a amince da babban jirgi sai an nuna cewa za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Shi ya sa ba a zaunar da mai buƙatar ƙarin ɗamara a layin ƙofar gaggawa a kamfanoni da dama. A 2018 majalisar dokokin Amurka ta umarci hukumar jiragen sama ta tsayar da mafi ƙarancin girman kujera da bai saɓa wa tsaro ba. Hukumar ta yi gwaji a 2019 da 2020, ta ce girman kujerun da ake da su bai hana fita da sauri ba. Masu suka sun nuna cewa waɗanda aka yi gwajin da su 'yan shekara 18 zuwa 60 ne, babu yara, babu tsofaffi, babu naƙasassu.

Wa zai biya?

A Amurka doka ba ta tilasta wa kamfani ya ba da fiye da kujera ɗaya a kan tikiti ɗaya ba, don haka kowane kamfani da nasa tsarin. Southwest ya yi shekaru yana da tsari mafi sassauci: mutum ya sayi kujera ta biyu, bayan tafiya a mayar masa da kuɗinta ko da jirgin ya cika, ko kuma ya nemi a ba shi ita kyauta a filin jirgi. A 2025 kamfanin ya ba da sanarwar cewa daga 27 ga Janairu, 2026, sai an sayi kujerar tun da wuri, kuma mayar da kuɗi ya dogara ga sharuɗɗa, ciki har da jirgin ya tashi da aƙalla kujera ɗaya babu kowa.

Kanada ta bi wata hanya dabam. Tun a 1997 wata lauya, Linda McKay-Panos, ta kai ƙarar Air Canada kan abin da ta sha a wata tafiya daga Kalgari zuwa Otawa, aka yi shekaru ana jayayya kan ko ƙiba tana iya zama naƙasa a idon doka. A watan Janairu na 2008, a wata shari'a da ƙungiyar naƙasassu ta shigar, hukumar sufuri ta ƙasar ta yanke cewa mutum ɗaya kuɗi ɗaya zai biya. Naƙasasshen da yake buƙatar mai rakiya, ko wanda ƙiba ta kai shi ga matsayin naƙasa, za a ba shi ƙarin kujera ba tare da ƙarin kuɗi ba. Kamfanonin sun garzaya Kotun Ƙoli, ita kuma ta ƙi sauraron ƙarar a watan Nuwamba na wannan shekara. Abin lura a hukuncin shi ne lissafin da hukumar ta yi: in aka raba nauyin a kan dukan fasinjoji, ƙarin bai kai dala ɗaya ta Kanada a kan kowane tikiti ba. Dalili kuwa shi ne masu buƙatar kujera biyu 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma ba kowane jirgi ne yake tashi a cike ba. Kujerar da za ta tafi babu kowa, ba da ita bai rage wa kamfani komai ba. Asara ta gaske tana faruwa ne kawai a ranar da jirgi ya cika har aka mayar da mai kuɗi a hannu.

Wannan tsari ya fi na bakin ƙofa kusa da adalci, domin ya kare mai ƙiba daga wulaƙanci, ya kuma kare maƙwabcinsa daga matsi, a kan kuɗin da ba wanda zai ji a jikinsa. Amma bai rasa nasa cikas ba. Sai mutum ya je wurin likita ya cike takarda, an auna faɗinsa a zaune, kamfani ya duba ya amince tun kafin ranar tafiya, wanda kuma jikinsa ya fi kujera amma bai kai ma'aunin naƙasa ba yana nan a tsaka mai wuya. Bugu da ƙari, hukuncin ya tsaya ne a kan tafiye-tafiyen cikin gida. Wanda aka ba kujera ta biyu kyauta daga Toronto zuwa Bankuba, tafiyar fiye da kilomita 3,000, shi ne kuma kamfani yake da ikon cajin sa kuɗinta in zai je Niyok, wadda ba ta kai kilomita 600 daga Toronto ba.