Ƙaramar Kwamfuta, Babban Zafi: Tsara Fankoki Kafin Ka Kashe Kuɗinka

Duk wanda ya zauna a ɗakin ɗalibai a Manchesta ko Madina, ko yake sauya gidan haya kusan duk shekara, ya san darajar kayan da ba su cin wuri. Shi ya sa masu zanen gini, tace bidiyo da wasannin kwamfuta a cikinmu suke karkata ga ƙaramar kwamfutar tebur. Ana haɗa ta a kan allon Mini-ITX mai santimita 17 a kowane gefe, tsarin da kamfanin VIA ya fito da shi a 2001. Tana shiga jakar tafiya, amma babban abokin gabarta shi ne zafi.

Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Idan furosesa da katin hoto suna shan wat 300, tamkar ka kunna ƙaramar hita ce a akwatin da bai wuce kwalin takalmi da yawa ba. Da zafi ya kai iyaka, wato digiri 100 a yawancin furosesan Intel, 95 a yawancin jerin Ryzen 7000 na AMD, sai furosesa ta rage gudu don kare kanta. Ka sayi doki, ka koma hawan jaki, ga kuma aikin makaranta na jiranka.

Auna kafin ka saya

Kowane akwati yana da iyakar tsayin abin sanyaya furosesa, da tsawo da kaurin katin hoton da zai ɗauka. Duba waɗannan alƙaluma tukuna. Milimita biyu sun isa su hana murfi rufuwa.

Ba iska hanya ɗaya

Fanka tana jan iska ta gefen da yake buɗe, ta fitar ta gefen da sandunan da ke riƙe da mota suke. Wasu ma suna da kibiya a jiki. Ka tsara iska ta shiga ta gefe ɗaya, ta ratsa kayan da ke zafi, ta fita ta wani. A yawancin ƙananan akwatuna, shiga ta ƙasa ko gefe, fita ta sama ko baya. Kada fankoki biyu su riƙa hura wa juna, kada kuma iskar da katin hoto ya ɗumama ta zama ita furosesa ke shaƙa.

Idan wuri ya samu, fanka mai milimita 120 ko 140 ta fi ta 92, domin tana tura iska daidai ba tare da saurin juyi ba, ƙara kuma ta ragu. Zaɓi mai fil huɗu, ka daidaita gudunta a BIOS gwargwadon zafi. Wayoyi kuma a ɗaure su gefe.

Ƙura da yanayin gari

Mazauna Riyad, Khartum ko Injamena sun san ƙura. Ka sa iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita, ta kuma bi ta raga mai tacewa, don ƙura ta daina kutsowa ta ramuka. Ka tuna fanka ba ta sanyaya komai ƙasa da zafin ɗaki: ɗaki ya ƙaru da digiri 10, kayan ciki ma kusan haka za su ƙaru. A Ingila kuwa, kada ka ajiye ta a kan kafet ko jikin hitar bango.

Gwada da murfi a rufe

Bayan haɗawa, sauke manhajar HWiNFO, ka ba kwamfutar aiki mai nauyi na rabin awa. Idan ka cire murfi zafi ya faɗi sosai, iska ce ba ta samun hanya. Idan bai sauya ba, duba zaman abin sanyayar da man da ke tsakaninsa da furosesa. Sau da yawa ledar da ke manne a ƙasansa ce aka manta ba a ɓare ba.

Kuɗin da ka tara da guminka a ƙasar wasu bai kamata zafi ya cinye shi ba. Ɗauki takarda, zana hanyar iska, sannan ka yi oda. Rigakafi ya fi magani.