Baƙin Ƙwallo: Me Ke Sa Hannun Gwani Rawa?

A daren 28 ga Afrilu, 1985, aka kammala gasar sinuka ta duniya a zauren Crucible da ke birnin Shefil na ƙasar Ingila. Steve Davis, wanda ya riga ya ci kambin sau uku, ya cinye zagaye 8 a jere kafin Dennis Taylor ya ci ko ɗaya. Sannu a hankali Taylor ya cike giɓin har aka yi 17 da 17. A zagayen ƙarshe, wanda ya ɗauki minti 68, ƙwallaye suka ƙare, saura baƙin kaɗai. Dama ta faɗo wa Davis, irin bugun da ya yi ba adadi a wajen atisaye, amma ya ɓarar da ita. Taylor ya zo ya jefa. Mutane miliyan 18.5 ne suka kalli wannan a talabijin, alhali dare ya riga ya raba.

Shin me ya sami Davis? Ƙwaƙwalwa ba ta cika bambance zaki da taron 'yan kallo ba. Da zarar ta hango barazana, sai ta aika saƙo ga wasu ƙullutai biyu da ke saman ƙoda, su kuma su zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, tafin hannu ya yi gumi, tsoka ta ɗaure. Tun 1915 Walter Cannon ya bayyana wannan a matsayin shirin jiki na faɗa ko gudu. Shiri ne mai kyau ga wanda kura ta biyo, amma ga mai riƙe da sanda, wanda kuskuren milimita ɗaya ko biyu ya isa ya kautar masa da ƙwallo daga rami, masifa ce.

Sai dai rawar hannu ba ita ce babbar matsalar ba. A 1984 Roy Baumeister ya nuna cewa matsi kan sa mutum ya koma sa ido a kan motsin jikinsa, kuma a 2001 Sian Beilock da Thomas Carr suka ƙarfafa wannan bayani da gwaji kan 'yan wasan golf. Wato aikin da gwani ya maimaita har ya zame masa jiki ba ya bukatar tunani. Idan ya tsaya lissafin yadda gwiwar hannunsa ke tafiya, sai ya koma tamkar ɗan koyo. Mai karatu ya gwada sauka daga bene yana nazarin kowane taku, zai ga abin da ake nufi.

To, ina mafita? Ta farko tana wajen ido. Joan Vickers ta Jami'ar Kalgari a Kanada ta gano cewa ƙwararru kan tsayar da ido a wuri guda na ɗan lokaci kafin su motsa, kuma wani bincike na 2002 kan irin wannan wasa na tebur ya nuna wannan tsayawa ta fi tsawo ga gwanaye, da kuma a bugun da aka dace. Hankalin da ya tattaru kan ƙwallo ba shi da sararin tunanin gwiwar hannu, balle na abin da za a ce in an ɓarar.

Numfashi ma na da rawar takawa. Idan aka ja iska aka sake ta a hankali, wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya takan sassauta bugunta. Shi ya sa masu horarwa ke son ɗan wasa ya riƙe tsari guda: ya goga alli, ya yanke shawara yana tsaye, ya sunkuya, ya buga. In shakka ta zo bayan ya sunkuya, gara ya miƙe ya sake daga farko. Yana da kyau kuma a yi atisaye gaban mutane, domin jiki ya saba da idon jama'a. Ɗalibin da ya taɓa manta amsar da ya sani a ɗakin jarrabawa zai amfana da hakan, ta hanyar gwada kansa da agogo a gefe.

Shi kuwa Davis, ya sake faɗuwa a wasan ƙarshe na 1986 a hannun Joe Johnson, sannan ya ci kambin a 1987 da 1988 da 1989, duk a wannan zaure.