Tayar ƙasar ƙanƙara a kan hanyar Ƙauran Namoda

Da zarar watan Oktoba ya kama, masu motoci a Jamus da Kanada da sauran ƙasashen sanyi sukan shiga wata hidima da mu ba mu saba da ita ba, wato a kwance tayoyin da mota ta yi lokacin zafi da su, a ɗaura na sanyi. Jamusawa har ƙa'idar baka gare su: daga Oktoba zuwa Ista. Waɗanda suka fi kowa dogon nazari a wannan lokaci su ne masu motocin alfarma masu aiki da lantarki, irin su Tesla da Mercedes EQS, domin tayar da mutum ya zaɓa, da faɗin ƙarfen da ya ɗora ta a kai, suna iya rage masa nisan da cajin batir zai kai shi. Mai karatu zai ce, to ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa mutumin Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi da tayar dusar ƙanƙara? Amsar tana nan jibge a bakin rumfunan masu sayar da tayoyin gwanjo.

Bari in fara ta fannina, wato harshe. Masu fassara a gidajen rediyo da jaridu sun daɗe suna kiran lokacin sanyin Turai da sunan hunturu, har kunne ya saba. Amma fa abubuwan biyu ba su yi kama ba. Hunturunmu busasshiyar iska ce mai ƙura, sanyinta na asuba ne, da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10, kafin azahar kuwa rana ta gasa kwalta. Nasu kuwa ruwa ne ke daskarewa a kan titi wata da watanni. Saboda haka duk wanda aka ce masa ga tayar hunturu, ya ɗauka an yi ta ne don Disamba da Janairunmu, to kalma ce ta yaudare shi tun kafin ɗan kasuwa ya buɗe baki.

Tayar sanyi ana haɗa robarta ne ta yadda ba za ta sandare ba idan ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 7, sannan a tsattsaga fuskarta da ƙananan layuka masu yawa don ta riƙe ƙanƙara. Wannan taushin da ya zama alheri a can, shi ne masifa a nan. A watan Afrilu zafin arewacin Zamfara yakan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Robar sai ta ƙara saki, ta riƙa cinyewa da sauri, mota ta riƙa lilo a kwana, in an taka birki kuma sai ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. Idan aka haɗa da tsufa, da lodin da ya wuce ƙima irin na Golf da Sharon ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi, fashewa ba ta da nisa.

To me ya sa irin waɗannan tayoyi ke shiga ran mai saye? Saboda zanensu. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta yarda a yi tafiya da taya har zurfin zanenta ya sauka zuwa milimita 1.6, amma tayar sanyi a ƙasar Ostiriya ba ta karɓuwa a matsayin ta sanyi idan ta gaza milimita 4, kuma ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, shawarar da take bayarwa ke nan. Wato Bature yakan cire ta alhali da sauran kusan rabin zanenta. Direbanmu kuwa da ido da ɗan yatsa yake ciniki. Ya ga zane zuru-zuru, ya ce ya yi tsintuwa.

Laifin ba na direba kaɗai ba ne. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Sabuwar taya ta koma kayan shigowa da farashinta ke bin dala sawu da ƙafa. Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su, amma hanin bai hana su cika kasuwa ba. Talaka na ganin hanya, kuɗin mota ne babu.

A wani wuri fashewar taya asarar kuɗi ce da ɓata lokaci. A nan ta wuce haka. Hanyar da ta tashi daga Ƙaura ta bi ta Shinkafi zuwa Isa, da wadda ta ratsa Zurmi da Gurbin Ɓaure zuwa Jibiya, kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mai da su a shekarun nan, har ta kai a Satumbar 2021 an katse layukan waya an rufe kasuwannin mako a jihar. Tsayuwar rabin awa a dokar daji don canza taya ba abu ba ne da mai hankali zai so wa kansa ko fasinjojinsa.

Wannan ya dawo da mu kan motar lantarki, wadda ta daina zama labarin ƙasashen nesa. A 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas, a 2021 kuma hukumar NADDC, lokacin shugabancin Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ƙara sa masu hali waiwayar irin waɗannan motoci. Sai dai akasarin hirar da ake yi a kansu ta caji ce da wutar da babu, ba a cika tuna ƙafafunsu ba. Batir nauyi gare shi. Tesla Model S ta haura tan 2. Ƙarfinta kuma gaba ɗaya yake zuwa da zarar an taɓa totur, abin da ke cin taya. Shi ya sa lambar nauyin da ke jikin taya ba ado ba ce: 91 na nufin kilo 615, 100 na nufin kilo 800, kuma irin waɗannan motoci sukan buƙaci masu alamar XL ko HL. Motar da aka sayo ta hannu daga Kanada ko arewacin Turai tana iya isowa da tayoyin sanyinta a ƙafa, mai ita bai sani ba.

Batun ƙarfen taya, wanda masu faci ke kira rim, a nan ne shawarar ƙasashen ƙanƙara ta yi mana rana. Su sukan sauka daga inci 21 zuwa 19 lokacin sanyi, don tayar ta sami kauri a gefe. Mu ramukan da damina ke bari su ya kamata su sa mu yin haka duk shekara. Babban rim da siririyar taya kwalliya ce ta titunan Maitama. Rami guda tsakanin Gusau da Ƙaura ya isa ya kumbura gefen tayar ko ya tsaga ƙarfen. Sai dai a tabbata ƙaramin rim ɗin bai taɓa birki ba. Wani abin lura kuma, yawancin waɗannan motoci, har da Tesla, ba sa zuwa da safaya, wasunsu sai ɗan famfo da ruwan liƙi, wanda ba ya maganin tayar da ta yage a gefe.

Abin da ya rage shi ne karatu, domin komai a rubuce yake a jikin tayar. Hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a cikinsa, in ya haɗu da fuska mai yawan tsage-tsage, alama ce ta tayar sanyi. Haruffan M+S su kaɗai ba su isa hukunci ba, don ana samun su a tayoyin jif na kowane yanayi. Bayan haruffan DOT kuma akwai lambobi huɗu a ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 3519 na nufin mako na 35 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa takan yi gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4, Michelin kuwa na cewa a riƙa duba ta kowace shekara bayan 5, kada kuma ta wuce 10 komai kyan zanenta. Wannan karatu bai fi na minti biyar ba, kuma wurin koyar da shi shi ne tashoshin mota na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, da Hausa, a gaban shugabannin direbobi da masu faci, tunda su ne ake tambaya kafin a sayi taya.