Suyar minti biyar: girkin mutanen Tailan da kayan 'Yankaba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau kicin za mu shiga. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kamfanonin Sharaɗa ko Chalawa ko Bompai lokacin tashi daga aiki ya san dalili. Saurayi ya yini a tsaye gaban inji, a kamfanin roba ko na jima, ya fito a gajiye liƙis, ya biya kuɗin adaidaita, sai ya zarce teburin mai shayi: indomi biyu, ƙwai ɗaya. Gobe haka, jibi haka. Ciki dai ya cika, amma sai a yi sati ganye bai shiga cikinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum. Ba lalaci ne ya hana shi girki ba. Miyarmu tana son lokaci, tana son wuta, ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024 kuma kowa ya san inda yake ƙarewa a cikin wata. Wanda ya dawo ƙarfe takwas na dare ba zai zauna jiran miyar taushe ba.

To akwai wata hanyar girki da aka gina ta a kan sauri da tsimin makamashi. Mu nan shinkafa ce ta sanar da mu ƙasar Tailan, amma suna da wata suyar kayan lambu da suke kira "fad fak", ma'anarta kawai soyayyen ganye. Asalin dabarar ta mutanen Sin ce, su suka shiga da ita ƙasar tare da kaskonsu mai zurfi. Ana yanka komai siriri, a zafafa kasko sosai, a zuba, a yi ta juyawa ba tsayawa, cikin minti huɗu zuwa biyar a sauke.

Abin da ya sa na zaɓo girkin nan shi ne kusan duk abin da ake buƙata namu ne. Girkin Tailan ɗanɗano huɗu yake haɗawa a kwano ɗaya: gishiri, tsami, zaƙi da yaji. Tsaminsu daga tsamiya da lemon tsami yake fitowa, tsamiyar nan dai ta kununmu. Zaƙinsu sukarin dabino-dabino ne da ake samu daga giginya ko kwakwa, launin ƙasa, wanda mazarƙwaila za ta tsaya a madadinsa ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba. Suna barbaɗa dakakkiyar gyaɗa, kuma ba Bakano za a koya wa gyaɗa ba. Abin da suke kira tofu, ita ce awarar da ake soyawa a kowane lungu da yamma. Suna da wani ganyen ƙamshi da suke jefawa a ƙarshe, ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne. Barkonon ma da suke taƙama da shi baƙo ne a wajensu kamar yadda yake baƙo a wajenmu, daga nahiyar Amurka ya fito, Turawan Fotugal suka yaɗa shi. Abu ɗaya ne ba mu da shi, wato ruwan kifin da suke tsimawa da gishiri tsawon watanni. Aikin da yake yi a girkinsu shi daddawa take yi a namu, sai a haɗa ta da ɗan garin busasshen kifi. Ba zan ce muku ɗanɗanon zai zo daidai da na Bankok ba. Zai yi daɗi dai, kuma ba sai kun je babban kanti kun sayi kwalbar da ta fi cefanen tsada ba.

Ga na mutum biyu. Kwatan kabeji, karas biyu, koren tattasai ɗaya, albasa ɗaya, koren wake cikin tafin hannu in akwai, tafarnuwa sala huɗu, ɗanyar citta kaɗan, attaruhu biyu, soyayyar awara kamar yanka shida. Mai aiki a Bompai ya more, kasuwar 'Yankaba tana kusa da shi a titin Haɗeja. Na Sharaɗa da Chalawa, mai kayan miya na unguwa ya wadatar.

Ku fara haɗa ruwan miyar a kofi tun kafin a kunna wuta. A jiƙa tsamiya a ruwan zafi a tace, a ɗebi cokali uku, a sa ƙaramin cokali ɗaya na mazarƙwaila ko suga, daddawa kaɗan da aka daka, garin kifi, rabin dunƙule. Rabi na ce. Da daddawa da kifi a ciki, ba ya buƙatar dunƙule uku irin yadda hannunmu ya saba.

Sai yanka, kuma a nan aikin yake. Gaskiya yankan ya fi suyar cin lokaci, ku ware masa minti goma. Karas a yanka shi siriri a karkace, kabeji manya-manya kaɗan don kada ya narke, awara ƙanana. A ajiye kowanne daban, domin da zarar mai ya yi zafi babu sauran damar neman wuƙa.

Yanzu a ɗora kasko mai faɗi, babu komai a ciki, ya yi zafi sosai. A zuba mangyaɗa cokali biyu. Tafarnuwa da citta da attaruhu su fara shiga, a juya kamar sakan ashirin, da ƙamshi ya tashi a bi su da karas da koren wake, don su ne masu tauri. Bayan minti ɗaya da rabi, albasa da tattasai da kabeji. A ci gaba da juyawa. Minti ɗaya ko biyu, sai awara, sai a kwarara ruwan miyar ta gefen kasko. Zai yi ƙara, ya tafasa nan take. A juya sau biyu-uku, a jefa ɗoɗɗoya, a kashe wuta. Gyaɗa da matsin lemon tsami a kwano ake sa su.

Abu biyu ne suke ɓata girkin nan, kuma duk tushensu ɗaya. Na farko zuba ganye da ruwan wanki a jikinsa, na biyu cika kasko taf. Kayan lambu yawancinsu ruwa ne. In kasko na da zafi kuma akwai fili, ruwan da suka fitar tashi yake yi nan take, su soyu. In sun yi yawa ko suna jiƙe, zafin kaskon sai ya faɗi, ruwa ya taru a ƙasa, a ƙare da dafaffen kabeji mai laushi kamar na asibiti. Don haka a tsane su a kwando, in kuma kaskon ƙarami ne ko risho ɗin ba shi da ƙarfi, a soya kashi biyu. Kar a rufe da murfi. Kurfoti da gawayi ya kama sosai ma ya fi ƙaramin gas ba da irin wutar da ake so, sai dai don Allah a waje, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa. Gajeriyar suyar nan tana da wata riba: bitamin C ba ya jure doguwar dahuwa a ruwa, sinadarin da ke cikin karas kuma jiki ya fi ɗaukarsa in ya haɗu da mai.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, tunda a unguwannin kamfanoni muke. Dagwalon masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗe da Jakara, na Sharaɗa yana bin Salanta, kamfanonin jima kuma sun daɗe suna zubar da nasu a kogin Chalawa. A gefen ruwan nan akwai masu noman rani da ke shayar da latas da alayyahu da kabeji. Wanki da ruwa mai tsafta, sau biyu ko uku, yana rage ƙasa da ƙwayoyin cuta, kuma wajibi ne a girkin da wuta ba ta daɗewa. Amma sinadarin jima da ya riga ya shiga jikin ganye, wanki ba ya fitar da shi, dahuwa ma haka. Ba laifin manomin ba ne, ruwan da ya samu ke nan. Laifin yana kan mai sakin dagwalo ba tacewa, da hukumar da ta zuba masa ido. Kafin a gyara, ku riƙa tambayar mai kaya daga ina ya saro. Na Kura da Kadawa da Bunkure ruwan dam ɗin Tiga suke sha, kabeji da karas da yawa kuma daga Jos ake kawo su.

Da me za a ci? Shinkafa fara ita ce asali, amma in za a dafa ta, tsimin gas ɗin ya ragu. Taliya ta fi sauri. Indomin ma ba a hana ba: a dafa guda ɗaya, a tsane, a juye a kaskon a minti na ƙarshe, a sa rabin garin da ke cikin ledar. Shinkafar da ta kwana a zafin Kano ba firji kuwa, a haƙura da ita, tana ɓata ciki ko an sake soyawa.

Masu cewa girki na mata ne, mai shayin da kuke ba kuɗinku kullum dai namiji ne, mai tsire ma haka. In ku huɗu ne a ɗaki, ku haɗa kuɗin cefane, ku yi kwana-kwana, mai dutin safe ya yanka, wanda ya fara dawowa ya soya.

Wanda ya gwada ya turo mana hoto, musamman in ya sa zogale ko yalo, ina son in ji yadda suka yi a kasko. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta gajiya.