Dandalin Tlatelolco da Tarihin Kisan Gilla a Ƙasar Meziko

A arewacin tsakiyar birnin Meziko akwai wani dandali da a ke kira Tlatelolco. Wanda ya tsaya a cikinsa zai ga kufan ginin Aztekawa, da wata tsohuwar majami'a ta mutanen Sifen, da dogayen benaye na zamani, shi ya sa a ke ce masa Dandalin Al'adu Uku. Sau biyu jini ya malala a wurin, a shekara ta 1521 da kuma ta 1968. Abin da mu ke so mu duba a nan shi ne yadda labarin irin wannan kisa ya ke isowa gare mu, da bakin wanda ya ke fitowa, domin a nan ne wahalar mai nazarin tarihi ta ke.

Hernan Cortes ya sauka gaɓar Meziko cikin 1519 da 'yan ɗaruruwan mayaƙa. Cikin watan Oktoba na wannan shekara ya isa Cholula, babban birnin ibada na ƙasar, tare da dubban mutanen Tlaxcala waɗanda su ke gaba da Aztekawa. Ya sa aka tara manyan gari a farfajiyar ɗakin bauta, aka tsare ƙofofi, aka faɗa musu da sara. Shi da kansa ya rubuta wa sarkin Sifen cewa cikin sa'a biyu an kashe mutum fiye da 3,000. Hujjarsa kuwa ita ce wai mutanen gari sun ƙulla masa makirci, tafintarsa Malinche ce ta ji ta tona. Gomara, wanda ya rubuta tarihinsa daga baya, ya kai adadin 6,000.

To, waɗanda aka kashe fa, me danginsu su ka ce? Da ba domin wani limamin Kirista mai suna Bernardino de Sahagun ba, da kusan ba mu ji ba. Cikin 1536 aka buɗe wata makaranta a Tlatelolco domin 'ya'yan sarakunan ƙasar. Sahagun ya koyar a cikinta, sa'an nan shi da almajiransa su ka riƙa zama da tsofaffi su na rubuta abin da su ka faɗa cikin harshensu na Nahuwatal. Littafin ya na ajiye a birnin Firenze na Italiya, kashi na 12 kuwa shi ne labarin yaƙin. A ciki tsofaffin sun ce mutanen Cholula sun fito ne hannu wofi, ba kibiya ba garkuwa, ba su kuwa san da wani makirci ba. Ke nan riwaya biyu mu ke da su, ta mai takobi da ta wanda aka sara, kowace da manufarta. Amma a ganina abu guda ya isa lura: hujjar da aka bayar a Cholula, watau jita-jitar makirci, ita ce aka sake bayarwa bayan wata bakwai.

Cikin Mayu 1520 Cortes ya tafi gaɓar teku domin ya tari rundunar Narvaez, wadda gwamnan Kuba ya aiko ta kama shi. Ya bar Pedro de Alvarado a Tenochtitlan. Aztekawa su na cikin bikin Toxcatl, 'ya'yan manya su na rawa a farfajiyar babban ɗakin bauta ba makami, sai Alvarado ya sa aka toshe hanyoyin fita. Tsofaffin Sahagun sun ce da makaɗi aka fara, aka datse masa hannuwa. Daga nan gari ya tashi, aka fatattaki baƙin a ƙarshen Yuni. Su ka komo bayan shekara su ka yi wa birnin zobe, alhali agana ta riga ta cinye mutanensa. A Tlatelolco aka yi tsayuwar ƙarshe, ran 13 ga Agusta 1521 aka kama sarki Cuauhtemoc. Yawan waɗanda su ka hallaka cikin wannan zobe marubuta sun saɓa a kai ƙwarai, kowa dai dubbai barkatai ya ke ambata.

Mai karatu zai yi tsammanin ƙidayar gawa ba za ta gagara ba a zamanin jarida da hoto. Al'amarin 1968 ya nuna ba haka ba ne.

Rigimar ta faro a ƙarshen Yuli, sa'ad da 'yan sandan kwantar da tarzoma su ka shiga makarantu su ka lallasa ɗalibai. Ɗaliban jami'a da na kwalejin fasaha su ka haɗa kai su ka kafa majalisar yajin karatu, su ka gabatar da buƙatu shida, ciki har da sakin fursunonin siyasa da rushe wannan runduna ta 'yan sanda. Shugaba Gustavo Diaz Ordaz kuwa idonsa ya na kan wasannin Olamfik da za a buɗe ran 12 ga Oktoba, ba ya son duniya ta ga ƙasarsa cikin hargitsi. Ran 18 ga Satumba soja su ka mamaye jami'ar ƙasa.

Ran 2 ga Oktoba da la'asar sakaliya dubban mutane su ka taru a dandalin, shugabanninsu na jawabi daga benen Chihuahua. Wajen ƙarfe shida aka ga wutar ishara ta faɗo daga sama, soja su ka kutso, harbi ya ɓarke daga benaye. Cikin taron akwai wasu mutane da farin kaya, kowanne da farar safa a hannu guda domin su gane juna. Su ne bataliyar Olimpia, wadda aka kafa domin tsaron wasannin. An kama mutum fiye da 1,000, aka kai da yawansu barikin soja. Kashegari gwamnati ta ce ɗalibai ne su ka fara harbi, kuma matattu ba su wuce talatin ba. Waɗansu 'yan jaridan ƙasashen waje su ka ce sun kai 300. Bayan kwana goma aka buɗe wasanni kamar yadda aka tsara. Octavio Paz, jakadan Meziko a Indiya, ya ajiye aikinsa saboda wannan.

Aikin da Sahagun ya yi, shigensa Elena Poniatowska ta yi: ta bi waɗanda su ka tsira da iyayen matattu da fursunoni, ta tattara maganarsu cikin littafin da ya fito a 1971. Sai a 1999 aka buga takardun Janar Garcia Barragan, ministan tsaro na lokacin, waɗanda su ka nuna cewa hafsoshin rundunar tsaron shugaban ƙasa ne aka ɗora bisa benaye su yi harbi. Watau sojan da ke ƙasa ma harsashin 'yan'uwansu ne ya same su.

Shari'a dai ba ta kai ga kowa ba. Luis Echeverria, ministan cikin gida na 1968, wanda ya gaji Diaz Ordaz, an tuhume shi da kisan ƙare-dangi aka tsare shi a gida cikin 2006, kotu ta sallame shi a 2009, ya rasu a 2022 ya na da shekara 100. Ran 2 ga Oktoba 2024 gwamnatin Claudia Sheinbaum ta amsa cewa hukuma ce ta aikata laifin, ta nemi gafarar dangin mamatan. Adadin kuwa bai tabbata ba: dutsen tunawa da aka kafa a dandalin cikin 1993 sunaye 20 ke jikinsa, binciken da Kate Doyle ta yi cikin ɗakunan ajiyar takardu kuma ya tsaya a kan mutum 44.