Mai neman 'yarki a Amurka yake? Ki san bizar da za a nema kafin a sa rana

Wani dare ina bakin aiki a ɗakin haihuwa, wata aminiyar mahaifiyata ta kira ni har sau uku. Da na samu sarari na bi kiran, sai na ji muryarta a sanyaye. 'Yarta ce ta dawo daga Legas, an hana ta biza bayan jiran fiye da shekara guda.

Yaron ɗan unguwarsu ne, ya daɗe a Amurka, kuma ya nema mata irin bizar da ake ba wadda za a aura. Sai dai mahaifinta ya ce ba zai ɗauki 'yarsa ya tura wa namiji ba tare da aure ba. Aka tara dangi aka ɗaura, ango ya zo ya yi sati uku, amarya ta tare. Ranar ganawa jami'in ya tambaye ta ko an ɗaura musu aure. Yarinya ba ta iya ƙarya ba, ta ce e. Nan maganar ta tsaya.

"Ni fa 'yata ban ga laifinmu ba," in ji ta. "Aure muka yi, ba ɓarna ba."

Na ce mata, "Mama, ba ku yi laifi ba. Ƙofar da aka ƙwanƙwasa ce ba taku ba."

Tun daga ranar na zauna na karanci lamarin. Ni ma'aikaciyar jinya ce ba lauya ba, amma akwai abubuwan da ya kamata kowace uwa ta sani tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.

Ƙofofi biyu ne

Ta farko sunanta K-1, bizar wadda aka yi wa baiko. Saurayin zai cike takardar da ake kira I-129F ya miƙa wa hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS. In an amince, yarinya za ta shiga ƙasar a matsayin wadda ba ta da aure, kuma dole a ɗaura auren a can cikin kwana 90. In wa'adin ya cika ba a yi ba, doka ta ce ta fita. Ɗan ƙasa kaɗai ke iya neman wannan biza. Akwai kuma sharaɗin cewa sun ga juna ido da ido cikin shekara 2 kafin a miƙa takardar. Hira ta waya ko ta bidiyo ba ta cika wannan sharaɗi.

Ta biyu ita ce bizar matar aure. A nan ana fara ɗaura aure ne a gida, sannan mijin ya cike takardar I-130. In auren bai kai shekara 2 ba ranar da ta shiga Amurka, bizarta CR-1 ce, za a ba ta katin zama, wanda muka fi sani da girin kad, na shekara 2, daga baya su nemi a mayar da shi na shekara 10. In auren ya haura shekara 2, IR-1 ce, katin shekara 10 kai tsaye.

Mutane na rububin K-1 saboda ana cewa ta fi sauri. Wani lokaci haka ne, wani lokaci tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Kowacce tana cin watanni masu yawa, sau da yawa ma ta haura shekara.

Abin da ke faruwa bayan ta sauka

A nan bambancin yake. Wadda ta shiga da bizar matar aure ta zama mazauniyar ƙasar tun daga filin jirgi. Tana iya neman aiki, tana iya zuwa gida ta koma.

Wadda ta shiga da K-1 kuwa, bayan ɗaurin aure za a sake buɗe sabon babi: wata takarda, wani kuɗi, wani jira, kafin ta samu katin zama. Ba za ta yi aiki ba sai ta samu izini. In ta fita daga ƙasar ba tare da takardar izinin tafiya ba, ana ɗaukar cewa ta yi watsi da buƙatarta. Ki ɗan tsaya a nan, uwa. In rashin lafiya ta same ki, ko aka yi rasuwa a gida, ko kika so ta zo wankan jego, tana iya kasancewa cikin watannin da ba ta da ikon motsi. Sannan K-1 a ɗaure take da mutum ɗaya: ta hanyar wanda ya nema mata kaɗai za ta samu katin. In ta je ta tarar ba mutumin da ta zata ba ne ta fasa auren, gida za ta dawo.

Shi ya sa a ganina bizar matar aure ta fi dacewa da mu. A ɗaura aure a gaban iyaye, a yi biki, ta tare, dangi su ga kamun ludayinsa, sannan a shiga maganar takardu. Jiran yana da ɗaci, musamman ga amarya sabuwa, amma tana yin sa ne a gabanki, da igiyar aurenta.

Masu ba da shawarar a shafa fatiha a ɓoye sannan a nemi K-1, ku ji tsoron Allah. Dokar Nijeriya ta amince da auren Musulunci, don haka a idon jami'in biza wannan yarinya matar aure ce. In ta faɗi gaskiya a hana ta, in ta ɓoye aka gano, hukuncin yi wa jami'i ƙarya na iya zama haramcin shiga ƙasar har abada. Haka ma wadda ta nemi bizar ziyara alhali zaman aure za ta je yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tambayoyi uku ga mai neman aure

Ba rashin kunya ba ne iyaye su yi su, kuma ba a amsa su da baki, takarda ake nunawa.

Ta ɗaya, mene ne matsayinsa a can? Ɗan ƙasa yana da ƙofofin biyu. Mai girin kad ba shi da K-1, matarsa kaɗai zai iya nema wa, a wani layi na daban da ke iya yin tsawo. Wanda takardunsa suka ƙare yake zaman ɓoye ba zai iya kai kowa ba, kuma in ya fito zuwa biki, komawarsa ma sai an yi da gaske.

Ta biyu, yana da mata? Amurka ba ta amince da auren mace fiye da ɗaya ba. Mai mata, ko a can take ko a nan, ba zai iya nema wa ta biyu biza ba. Wasu suna da auren takarda da suka yi don samun zama, su ce ai wannan ba aure ba ne. A wurin hukuma aure ne har sai kotu ta raba. In ya ce sun rabu, ya kawo takardar kotu.

Ta uku, samunsa ya kai? Zai sa hannu a takardar ɗaukar nauyi, I-864, inda doka ta ce abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na ƙasar, gwargwadon yawan iyalinsa. In bai kai ba, sai ya samo wanda zai tsaya masa.

Auren wakilci da 'ya'yan bazawara

Mun saba a ɗaura aure ango yana wata ƙasa, wakilinsa ya karɓa masa. Addini ya yarda, amma dokar shige da fice ta Amurka ba ta ƙirga auren da aka ɗaura ma'aurata ba sa tare, sai in sun haɗu sun tare bayan nan. Saboda haka ango ya zo. A adana hotunan biki, katin gayyata, tikitin jirgi da hatimin fasfo, domin su ne shaidar cewa auren na gaskiya ne.

In 'yarki bazawara ce mai 'ya'ya, nan ne K-1 ke da wani amfani: 'ya'yanta da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba suna iya bin ta da bizar K-2. A bizar matar ɗan ƙasa kuwa, kowane yaro da takardarsa, kuma sai an ɗaura auren kafin ya cika 18 ne mijin zai iya nema masa. Takardar sakin da tsohon miji ya rubuta da hannu a kai ta kotu a samo ta hukuma. A kuma duba rubutun suna: kada fasfo ya ce Aisha, takardar haihuwa ta ce A'ishatu, ta aure ta ce Indo.

Gwajin lafiya

Nan ne fagena. Kowace biza aka zaɓa, sai an yi gwaji a wurin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, ba a kowane asibiti ba. Ana ɗaukar hoton ƙirji don duba tarin fuka, ana gwada jini don ciwon tunjere, ana duba tarihin rigakafi. Ki nemo katin rigakafinta na yarinta in yana nan. In hoton ya nuna wata alama, za a karɓi majina a jira sakamako kusan sati 8, in cutar ce kuma maganin wata 6 ne aƙalla. Don haka mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ta je asibiti tun yanzu. In tana da ciki ta faɗa wa likita, domin akwai alluran da ba a yi wa mai juna biyu, kamar ta ƙyanda.

Tun 2010 aka cire cuta mai karya garkuwar jiki daga jerin cututtukan da ke hana biza, kuma ba ruwansu da sikila. Wannan gwajin namu ne: kafin aure su biyun su yi gwajin jinsin jini, na ciwon hanta da na ƙanjamau, ko da ango daga Amurka ya zo.

Dokar tana sauyawa

A 2020 gwamnatin Shugaba Trump ta dakatar da bizar zama ga 'yan Nijeriya, Shugaba Biden ya ɗage a 2021. A 2025 aka sake sa takunkumi a kan wasu ƙasashe, har da Chadi da Sudan, daga baya aka ƙara Nijar da Nijeriya cikin waɗanda abin ya shafa. Kafin a biya ko sisi, a duba shafin ofishin jakadancin Amurka a ga halin da ake ciki, ko a tuntuɓi lauyan shige da fice mai lasisi. Duk wanda ya ce yana da hanya a ciki, kuɗinku yake so. A kuma tambayi ango tun da wuri: in jiran ya kai shekaru, ina za ta zauna, wa zai ciyar da ita, sau nawa zai riƙa zuwa?

Ranar da za ta tafi, ki ja ta gefe ki faɗa mata ta riƙe fasfonta da kwafin takardunta a hannunta. Ki sanar da ita cewa tun 1994 akwai doka a Amurka da ta ba matar da miji ke cutarwa damar neman katin zama da kanta ba tare da saninsa ba, don kada wani ya razana ta da cewa zai sa a kore ta.

Ita kuwa 'yar aminiyar mahaifiyata, mijin ya sake cike takarda daga farko, wannan karon a matsayin matarsa. Tana gidan iyayenta da ɗanta na goye, yana zuwa in ya samu hutu. Mama ta ce da ta san haka tun farko, da ba a yi asarar shekara guda da kuɗin da aka zuba ba. Allah Ya ba 'ya'yanmu mazaje nagari, na kusa da na nesa.